Yankan Da Bai Ɓulle Ba: Yadda Ake Tsaga Gurbi Da Injin Zarto Ba Tare Da An Rasa Yatsa Ba

Wannan bayani na rubuta shi ne saboda yaranmu da ke koyon kafinta a Ibadan, Legas, Shagamu, Fatakwal da sauran garuruwa, da kuma iyayen da ke kai su wajen oga. Ni ma yaron shago ne. Mahaifina a Kara yake, harkar shanu, amma ni Allah ya karkata ni wajen katako, shekara shida ke nan ina zirga-zirga tsakanin Sabo da kasuwar katako ta Bodija, wadda Yarabawa ke kira Iso Pako.

Injin da nake magana a kai shi ne wanda faifan zarto ke leƙowa daga tsakiyar tebur, kai kuma kana tura katako a kansa. Yanka iri biyu ake yi da shi. Akwai wanda zarto ke ɓullewa ta sama ya raba katako gida biyu, wannan kowa ya san shi. Akwai kuma wanda ake sauke zarton ƙasa, ya ci rabin kaurin katakon ko ƙasa da haka, bai ɓulle ba. Da irin wannan ake tsaga siririn gurbin da gindin durowa ke shiga, da faffaɗan gurbin da kantar wadirob ke zama a ciki, da ɗan matakin da ake cirewa a gefen firam domin gilashi ko bangon baya ya kwanta. Da shi ne kuma ake fitar da harshen da ke shiga rami wajen haɗa ƙyaure ko ƙafar tebur.

Yawancin masu koyo suna ɗauka wannan ne yanka mai sauƙi, tunda zarton a ƙasa yake, katako ya rufe shi. Ni kuwa raunin da na gani da idona mafi muni a nan ya faru.

Me ya sa ya fi haɗari

Dalili na farko, dole ne a cire murfin kariya. A yawancin injuna murfin yana ɗaure ne a jikin wani ƙarfe da ke tsaye a bayan zarto, wanda ya fi zarton tsawo. In katako ya rabu biyu, ƙarfen yana bi ta cikin tsagin. In bai rabu ba, katakon zai je ya daki ƙarfen ya tsaya. Don haka sai an kwance shi, tare da 'yan ƙugiyoyin nan masu haƙora da ke hana katako komawa baya. Ka ga ke nan ka fara aiki babu abin da ya raba ka da zarto sai katakon da ke hannunka.

Na biyu, ba ka ganin zarton. Ido ba ya gani, hankali sai ya manta. Kuma shi wannan yanka yana buƙatar a danna katako ƙasa sosai don zurfin ya zo daidai, to ina hannu zai fi son dannawa? Daidai saman zarton. Nan ne matsalar take.

Wani abokin aikina, tare muka fara koyo, yana tsaga gurbi a gefen durowa, katakon bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Ya ɗora tafin hannunsa yana dannawa yana turawa. Katakon ya ɗan karkace, haƙoran baya suka kama shi suka yi jifa da shi. Katako ya tafi, hannu kuma yana kan dannawa, sai ya sauka a kan zarto. Yatsu biyu. Wallahi ko ƙara bai yi ba da farko, kallon hannun kawai yake. Zarton nan bai fi milimita 6 ya leƙo saman tebur ba.

Wannan jifan da inji ke yi, mu a shagonmu harbi muke ce masa, kamar na dabba. Ga yadda yake faruwa. Faifan yana juyowa ne wajenka. Haƙoran gaba suna sauka ƙasa, su ne masu yanka, suna danna katako a kan tebur. Na baya kuwa tasowa suke daga ƙarƙashin tebur zuwa sama. Muddin katako na tafiya a miƙe, haƙoran baya suna wucewa ta cikin tsagin da aka riga aka yanka, ba su taɓa komai. Da zarar ya kauce ko da kaɗan ne, sai su cafki gefen tsagin, su ɗaga katakon, su wurgo shi. Ka yi lissafi da kanka: faifai mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti, bakin haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Babu mai saurin hannun da zai riga wannan. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, mutum sama da 30,000 ne ke zuwa asibiti duk shekara saboda wannan inji, kuma kimanin 4,000 daga ciki yanke gaɓa ne, alhali su injunansu da kariya suke zuwa daga kamfani.

Wuƙar baya

Injunan zamani suna zuwa da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da lauje a bayan zarto, ni wuƙar baya nake ce mata. Bambancinta da tsohon ƙarfen da na ambata shi ne tana hawa da sauka tare da zarton, kuma ana iya saita kanta ya zauna ƙasa kaɗan da ƙololuwar haƙora. Saboda haka ko yankan bai ɓulle ba tana shiga cikin gurbin ta bi shi, ta tsare katako kada ya hau haƙoran baya. In injinku na da ita, murfi kawai za ka cire, ita ka bar ta. Na sha ganin an kwance ta tun ranar da aka sayo inji an jefa a kwali, wai tana rage sauri. Ku nemo ta ku mayar.

Ƙa'idarta: kaurinta ya fi jikin faifan kaɗan, amma kada ya kai faɗin tsagin da haƙora ke bari. Tazarar da ke tsakaninta da haƙora milimita 3 zuwa 8. Kuma ta tsaya a layi ɗaya da faifan, in ta karkace ita da kanta za ta riƙa tura katako gefe.

To amma mu faɗi gaskiya, yawancin injunan da ke shagunanmu ƙirar gida ne: mai walda ya haɗa tebur, aka ɗaura moto da bel, aka sa faifai. Babu murfi, babu wuƙa, wani ma makunninsa waya biyu ce ake haɗawa. Irin wannan mai waldan da ya haɗa shi zai iya yanko muku wuƙar daga farantin ƙarfe mai ƙarfi ya ɗaure ta da noti biyu. Sai dai a tuna, in ba ta motsi tare da zarton, duk lokacin da aka canza tsawon zarto ita ma sai an sake saita ta. In hakan bai samu ba, akwai dabarar da kowane kafinta zai iya da kansa: a ɗaure wani faffaɗan katako a jikin fens, wato ƙarfen gefe da katako ke jingina da shi, ya yi rumfa a saman zarton, aikin yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Yana danna aikin ƙasa, kuma ko hannunka ya so zuwa saman zarto babu hanya.

Hannu

Dokar da nake bi, kuma nake sa ƙannen da ke ƙarƙashina su bi: tsirarar hannu ba ya wucewa ta saman zarto, ko da katakon ya kai kaurin inci 3. Abin turawa ake amfani da shi. Siririyar sandar turawa mai baki kamar cokali mai yatsa ba ta isa ba a nan, domin ƙarshen katako kawai take riƙewa, ba ta danna tsakiya. Abin da ya dace shi ne faffaɗan katako mai kauri, tsawon kamar santimita 25, da mariƙi a sama, da ɗan dunduniya a ƙarshensa da ke kama bayan aikin. A manna roba a ƙasansa, ko tsohon tub na babur ya yi, don kada ya zame. Da gam za ka haɗa shi, kar ka sa ƙusa inda zarto zai iya kaiwa. A yi guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Ranar da abu ya ɓaci, shi zarto zai ci.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙarshen yanka. Zarton da ya ɓuya yana fitowa ne ta bayan katakon, daidai inda babban yatsa ke maƙalewa yana turawa. Kafin ka kunna inji, ka ja layi da fensir a saman aikin da bayansa, daidai inda zarto zai bi. Ko ka shafa jan fenti a kan tebur, taƙi ɗaya gaba da bayan bakin zarton, ya zama ƙasar da hannu ba ya shiga.

Sai matsefi. Katako ne da ake tsattsaga bakinsa ya yi yatsu kamar matsefin kitso, a ɗaure shi a tebur yana tura aiki jikin fens. Yatsun suna barin katako ya wuce gaba, suna cije shi in ya so dawowa. Ana iya ɗaure wani a jikin fens yana dannawa ƙasa. Minti goma ake yin sa da ragowar katako.

Tsayuwa kuma, kada cikinka ya yi saiti da layin zarto. Koma gefe kaɗan. Duk wanda ya taso a Kara ya san akwai inda ba a tsayawa kusa da dabbar da ba ka san halinta ba, to haka nan ma. Ka kuma duba bayanka, kada a ce almajirin shago ko mai tallar abinci na tsaye a wannan layin.

Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, carbi a wuyan hannu, zobe, agogo, duk a ajiye su. Safar hannu ma haramun ce a wannan inji, haƙori ɗaya ya kama zare ya ja hannun gaba ɗaya.

Saita zurfi

A kashe inji a zare waya daga soket tukuna. A juya faifan da hannu har haƙori ɗaya ya zo ƙololuwa, a auna daga tebur zuwa bakinsa, a ɗaure makullin tsawo, don jijjiga kan sauke zarto ko ta ɗaga shi ana cikin aiki. Sannan a gwada a kan ragowar katako mai kauri ɗaya da na aikin.

Zurfin gurbi bai kamata ya wuce rabin kaurin katako ba, kashi ɗaya cikin uku ma ya fi. A allon milimita 18, milimita 6 ya wadatar. Kuma ka auna allon da kanka, abin da ake sayar maka da sunan 18 sau da yawa bai cika ba, in ka yanka gurbi a kan suna sai kanta ta riƙa rawa a ciki.

Katakon da ya kantare ko ya murɗe, ajiye shi. Ba ya kwanciya a tebur, zurfin zai zo wani wuri da yawa wani wuri kaɗan, kai kuma za ka ƙara ƙarfin dannawa don ka gyara, ka ga an koma gidan jiya. Ɗanyen katako da aka sauke daga mota jiya shi ma yana motsi ana cikin yanka. Tsohon katako kuwa a bincike shi da kyau saboda ƙusa.

Inda na fi jin tsoro shi ne tsattsaga allo don a lanƙwasa shi, kamar yadda ake yi wa kan gado ko kantar shago mai zagaye. Ana jera tsagi kusa da kusa, a bar milimita 2 ko 3 kacal a sama. Abin da ya rage tsakanin zarto da duniya bai fi kwali ba, kuma da tsagin ke yawa allon na ƙara laushi yana lotsawa. Wannan aiki ba na yaron da ya shekara ɗaya ba ne, kuma ba a yin sa sai da abin turawa mai faɗi.

Faffaɗan gurbi

Faifai ɗaya tsagin kamar milimita 3 yake bari. In kana son gurbin 18, ka fara yanka gefe biyu, sannan ka cinye tsakiya da bi shida ko bakwai, kana matsar da fens kaɗan-kaɗan. Duk matsarwa a kashe inji. Abin da ya rage a gindin gurbin kurfi zai share shi. Yana cin lokaci, na sani, ga oga na jira, ga mai kaya na waya. Haka nan za a daure.

Akwai faifan da aka yi musamman don wannan aiki, ana ce masa dado: faifai biyu a gefe da wasu masu haƙora kaɗan a tsakiya, ana jera su har faɗin ya kai daga inci 1/4 zuwa 13/16. Yana yin aikin a bi ɗaya, amma yana cin katako da yawa lokaci guda, don haka harbinsa ya fi ƙarfi, kuma da shi dole wuƙar baya ma ta fita. Yana buƙatar farantin bakin tebur mai faɗin rami nasa na kansa, kada a yi aiki da ramin a buɗe. Kuma ba kowane inji ke ɗaukarsa ba. Injuna da yawa ƙirar Turai, irin waɗanda ke shigowa kwance, sandar da faifai ke zama a kai gajera ce. In noti bai hau zarensa duka ba, a haƙura. A katako mai tauri irin iroko ni ba na cin fiye da milimita 6 a bi ɗaya, sai in ɗaga in sake.

Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba, duk da na ga manya na yi: haɗa faifan yanka biyu na yau da kullum a gefen juna, ko cusa wani abu a bayan faifai don ya riƙa rawa ya faɗaɗa tsagi. Haƙoran nan manna su aka yi a jikin faifai, in suka gogi juna ko suka sha jijjiga suna ɓallewa, kuma fuskarka ce a kusa.

In gurbin zai ratsa katako ta faɗinsa ne, kamar gefen kabad mai tsawo amma siriri, kada ka jingina guntun bakinsa da fens ka tura. Zai murɗe. Ƙa'ida ita ce gefen da ke jingine da fens ya fi tsawo a kan tazarar da ke tsakanin fens da zarto. In ba haka ba, a yi amfani da ma'aunin kwana mai bin ramin tebur, ko a haɗa allon turawa mai bango gaba da baya da ke tafiya a kan ramukan, a ɗaure aikin a ciki. Shi ma allon a manna masa toshiyar katako a bayansa, inda zarto ke fitowa. Haka wajen fitar da harshe, in za a tsayar da katako a kan bakinsa, sai da dogon bango da aka ɗaure shi a jiki. Riƙe shi a tsaye da hannu caca ce.

Matakin gefe da yanka biyu

Wannan ni kaina ya taɓa ni. Ana yanka sau ɗaya katako a kwance, a sake yanka shi a tsaye, sai wani siririn sanda ya fita, matakin ya bayyana. A yanka na biyu, wancan sandan yana rabuwa da uwarsa. In ya kasance tsakanin zarto da fens, ba shi da wurin zuwa, zarto zai harbo shi kamar kibiya. Nawa ya wuce ta gefen cinyata ya huda allon da ke jingine a bango, har yau ramin na nan. Tun ranar nake tsara yankan yadda sandan zai faɗi ta wajen zarto, gefen da babu fens.

Gurbin da ba ya kaiwa ƙarshen katako kuwa, wasu suna sauke katakon daga sama a kan zarto yana gudu. Kada ka koyi wannan. Ka fara daga baki, ka tura zuwa alamar da ka yi, ka riƙe aikin da abin turawa, a kashe inji, zarto ya tsaya cak, sannan ka ɗaga. Ba a ja da baya zarto na juyawa. In gurbin a tsakiya yake, bai taɓa kowane baki ba, aikin rawuta ne ko kurfi.

Wuta

Wannan tamu ce ta musamman. Ana cikin yanka a ɗauke wuta, zarto ya tsaya a cikin gurbi, kowa ya miƙe ya tafi shan iska ko tayar da janareta, makunni na nan a kunne. Da wuta ta dawo, inji ya tashi da katako a bakinsa. Da an ɗauke, abu na farko a kashe makunni, na biyu a cire aikin. Mai shago da ke da hali ya sa makunni mai maganaɗisu, irin mai kore da jan maɓalli, wanda ke sakin kansa in wuta ta tafi, ba ya tashi sai an sake dannawa. Masu kayan lantarki na da shi, kuma kuɗinsa bai kai na ɗinkin yatsa ɗaya ba. A sa shi inda gwiwa za ta iya kaiwa. In janareta ya yi rauni zarto na nishi, kada ka ƙara ƙarfin turawa, nan ma harbi ke zuwa.

Akwai injin SawStop na Amurka da ke tsayar da zarto cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa da zarar ya taɓa fata. Yana da tsada ƙwarai, kuma jiƙaƙƙen katako na iya tayar da birkinsa. Shi ma ba ya hana harbi.

Ƙura kuma, tunda gurbi a rufe yake, da ƙarfi take fesowa ta ƙarshensa. Tabarau da takunkumi. Ƙurar iroko da obeche na jawo asma ga wasu, ta mansoniya kuwa har haɓo takan sa.

In abin ya faru

A kashe inji. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Kada a zuba baƙin mai, ko fetur, ko toka, ko garin katako, na ga an yi duka. In yatsa ya fita, a ɗauke shi a naɗe a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar a cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti nan take, ba kemis ba: a Ibadan UCH, a Legas asibitin ƙashi na Igbobi, a gabas asibitin ƙashi na Inugu. Kada a ba shi abinci ko ruwa a hanya saboda ƙila a shiga da shi tiyata, a kuma gaya wa likita ƙarfe nawa abin ya faru da ko ya taɓa yin allurar tetanus.

In kuma an gama yankan lafiya, kafin ka bar wurin ka mayar da murfin kariya, ka sauke zarton ƙasan tebur. Wanda zai zo bayanka ya tsaga falanki bai san ka kwance komai ba.